Wa Aka Saya a Galmi?

Akwai wata magana da ta ƙi tsufa a ƙasar Hausa ta Nijar. Duk ranar da wata majami'ar Kirista ta gina rijiya a unguwa, ko ta buɗe ɗakin shan magani, ko ta tara mata tana koya musu ɗinki da karatu, ko ta raba hatsi a tsakiyar bazara lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sai maganar ta taso: wai sayen imanin talakawa ake yi. Ana faɗinta a fada wajen shan shayi, ana faɗinta a tasha da kasuwa, wani lokaci a ɗora ta a lasifika, har takan kutsa ɗakin malaman lakwal, inda ake zaton an fi auna zance kafin a furta shi. Mai faɗinta gani yake kishin addini yake yi. Amma in aka zauna aka warware ta zare-zare, za a tarar ta fi zagin talaka Musulmi a kan Kirista, kuma ta wanke wanda ya fi kowa cancantar tuhuma, wato mai halin da ya naɗe hannu yana kallo.

Zargi irin wannan ba a yanke masa hukunci da ɗaga murya. Tarihi ake tambaya, tunda aikin ba jiya aka fara shi ba. Ƙungiyar mishan da aka sani da SIM ta sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ta kafa zango a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A 1950 ta buɗe asibitin Galmi, a bakin babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, garin nan da albasarsa ta kai sunansa har bakin teku. A 1956 aka buɗe gidan jinyar kutare na Danja, kudu da Maraɗi a kan hanyar Najeriya, a 2012 kuma aka ƙara masa sashen gyaran mata masu yoyon fitsari. Ƴan Katolika su ma suna da nasu: makarantu a manyan birane, ɗakunan magani da ƴan sista ke riƙe da su, da ƙungiyar agaji ta Caritas. Shekara ɗari ke nan ana wannan hidima a ƙasar nan. A Galmi kaɗai, kaka ya kwanta, ɗansa ya kwanta, jika ma an kai shi, daga Adar, daga Gobir, daga Ƙonni, har daga ƙetaren iyaka ta wajen Sakkwato.

To, ina ribar cinikin? Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 a Nijar, fiye da 99 cikin 100 Musulmi ne. Kirista ba su kai 1 cikin 100 ba, kuma a cikinsu akwai baƙi ƴan Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya waɗanda suka zo da addininsu tun daga gida. Da allura na sayen imani, da Galmi da Dogarawa da Malbaza sun daɗe da zama garuruwan coci. Ɗan kasuwar da ya shekara ɗari yana zuba jari, ya tashi da irin wannan riba, da tuni ya rufe shago ya koma gona. Asibitin na nan, ladanan garin na kiran salla sau biyar, masu jinya na zuwa su yi sallarsu su komo bakin gadon mara lafiya. Gani ya kori ji.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi wanda maganar ke zagi. In an ce ana sayen imani, to an ce akwai mai sayarwa. An ce matar da aka kawo cikin amalanke bayan kwana biyu tana naƙuda, za ta bar addinin iyayenta saboda an ciro mata ɗa da rai. An ce manomin da ya karɓi tiya goma ta hatsi a shekarar yunwa ya ajiye kalmar shahada a bakin mudu. Wannan raini ne, kuma irin rainin da ƙosasshe ke yi wa mayunwaci. Talakan ƙauye shi ne wanda ke azumi cikin zafin bazara yana sassabe, shi ne ke tashi sallar asuba ba tare da agogo ba, shi ne ke tura ɗansa makarantar allo ko da ba shi da abin da zai ba malam. Ya san bambancin magani da wa'azi. Yana karɓar na farko ya yi godiya, ya saurari na biyu cikin ladabi, ya koma gida da abin da ya zo da shi a zuciya. Wanda ke fargaba a madadinsa bai san shi ba.

Akwai labarin da ya isa hujja, kuma a jahar Maraɗi ya faru. A 1981 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo ya zo aiki ƙarƙashin SIM. An ɗora shi kan dashen itatuwa, itatuwan kuwa suna ta mutuwa, wasu rana ta ƙone su, wasu awaki suka cinye, wasu yashi ya binne. A 1983 ya lura cewa ƴan tsiran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, sai itace ya tashi da sauri ba ban-ruwa, ba shinge. Shi ne abin da manoma ke kira sassabin zamani. Da farko mutane sun ƙi, domin a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda babu ko tsiro a cikinta.

Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari. Mishan ta raba abinci a ƙauyuka da yawa, da sharaɗin kowa ya bar itatuwa a gonarsa. Aka bari. Da abinci ya ƙare, da yawa suka ɗauki gatari suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka ci gaba su ne waɗanda suka ga amfani da idonsu: iccen girki kusa da gida, ganye da ƴaƴan itace don dabbobi, iska ta rage binne shuka, hatsi ya fi kyau ƙarƙashin gawo. Daga gare su maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ƙauye ya koya daga ƙauye, wasu ayyukan raya karkara suka sa hannu, manoman Damagaram suka farfaɗo da tsohuwar al'adarsu ta kiyaye gawo. Cikin shekarun 2000, masana na gida da na waje da suka duba hotunan sama suka kiyasta eka ta faransanci miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a jahohin Maraɗi da Damagaram. Darasin a fili yake. Hatsi bai iya sayen ran kalgo ko sabara ba, ranar da ya ƙare ciniki ya warware. Abin da ya kasa riƙe itace a gona, ta yaya zai tumɓuke imani daga ƙirji? Abin da ya dawwama shi ne abin da manomi ya gwada ya gamsu, kuma ba wanda ya tambaye shi addininsa kafin gawo ya yi masa inuwa.

Da a ce maganar sayen imani tana tsayawa a fada, da sai a bar ta ta bi hayaƙin shayi. Amma magana zarar bunu ce. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, wanda aka shirya a Yamai, ta ƙare a Maraɗi da afka wa coci da gidan ƴan mishan, alhali ba su suka shirya bikin ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a birnin Paris, aka cinna wa majami'u wuta a Damagaram da Yamai. Mutum goma suka mutu. Ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai, da gidan marayu da makarantar Kirista. A Damagaram har cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar ta ci wuta, da littattafan da ƴan lakwal ke karantawa. A Yuni 2019 aka sake ƙona wata coci a Maraɗi, don hukuma ta kama wani limami. Zanen ya ɓata ran kowane Musulmi, ba mai musu. Amma jaridar da ta yi shi ta shahara da yi wa Fafaroma da coci ba'a kamar yadda take yi wa kowa. An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya wanke fuskar ƙasar a waɗannan ranaku shi ne maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye Kirista har ƙura ta lafa.

Matashin da ya ɗauki galan ɗin fetur ba a ranar ya koyi inda zai nufa ba. Ya shekara yana jin cewa mutanen gidan nan maƙiya ne masu fuskar taimako, cewa rijiyarsu tarko ce, maganinsu kuma ƙugiya. Ba wanda ya gaya masa su wane ne mutanen. Majami'un da suka fito daga aikin SIM sun tsaya da ƙafarsu tun farkon samun ƴancin kai, ƙarƙashin ƙungiyar da ake kira EERN. Fastocinsu ƴan ƙasa ne, da Hausa suke addu'a, da Hausa suke waƙa, kakanninsu Gobirawa ne da Katsinawa da Arawa. A gida ɗaya ana samun wa Musulmi, ƙane Kirista, suna haɗuwa wajen suna da biki da zaman makoki. Ƙaramar majami'ar da ta kafa famfo a bakin ƙofarta, mata na ɗiban ruwa, sau da yawa daga baikon ranar Lahadi na malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu ɗinki ta tara abin da ta tara. Kiran irin waɗannan mutane ƴan koren Nasara zalunci ne.

Malamin Hausa kuwa ya fi kowa sanin bai kamata ya shiga wannan sahu ba. A zamanin da lakwal ɗin Faransa ke hukunta yaro don ya yi Hausa a cikin aji, a majami'u ana koya wa manya karatun Hausar boko domin su karanta littafinsu, wanda aka gama fassarawa a 1932. Gwamnatin Nijar sai a 1973 ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida, a Damagaram. Babban ƙamus na Bargery, na 1934, wanda duk mai nazarin Hausa ke komawa gare shi, aikin tsohon ɗan mishan ne. Majami'u sun yi don addininsu, harshe ya amfana. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma majami'u suna da tasu tambayar da za su amsa. Ƴan mishan ba su taɓa ɓoye cewa bishara ce ta kawo su ba. A ɗakunan maganinsu al'ada ce a yi wa masu jiran layi wa'azi. Bayan taron ƙasa na 1991, da aka buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, sababbin coci-coci sun shigo kamar yadda sababbin ƙungiyoyin Musulunci suka shigo, wasu da zafin baki da rashin sanin ladubban gari. Kirista yana da damar ya faɗi abin da ya yi imani da shi, kamar yadda Musulmin Faransa ko Amurka ke gina masallaci ya raba abincin buɗa-baki ya kira mutane zuwa addininsa. Amma akwai iyaka, kuma sunanta sharaɗi. Wanda ke kwance yana jiran wuƙar likita ba ya iya cewa a'a, saboda haka ba lokacin neman e ba ne. Ba a sa sauraren wa'azi ya zama kuɗin kati. Ba a koya wa yaro addu'ar da mahaifinsa bai sani ba, kuma maraya yana da dangi da ya kamata a tambaya. Ba a ɗauki hoton matar da ke cikin wahala a aika ƙasashen waje da bayanin da ke nuna garinsu duhu ne. Majami'ar da ta kiyaye waɗannan ta cancanci kariya daga kowa. Wadda ta ƙetare su, hukuma da sarakuna da iyayen yara suna da bakin magana, a gaban shari'a, da rana tsaka. Ashana ba ta cikin hanyoyin gyara.

Amma ko an tsawata wa majami'u, babbar tambaya tana nan ba ta motsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wa ya tsaga bangon? Lokacin da aka buɗe Danja, kuturu a ƙasar Hausa mutum ne da ake miƙa wa sadaka daga nesa, ana yin karin magana da shi, ba a cin tuwo da shi. Wasu suka zo suka wanke masa gyambo da hannunsu. Tun 1981 aka samu haɗin magungunan da ke warkar da kuturta, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su a duniya, amma ƙyamar ba ta warke ba. Haka yarinyar da aka aurar ƙugunta bai gama girma ba, ta yi doguwar naƙuda nesa da likita, kan ɗa ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu ya ɓule. Ɗan ya tafi, fitsari ya ƙi tsayawa, miji ya juya baya, aka ware mata bukka a bayan gida. Binciken lafiya na 2012 ya nuna mace uku cikin huɗu a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Wanda bai taɓa tambayar inda wannan yarinya take kwana ba, da wane baki zai tuhumi wanda ya ɗinke ta?

Ba a ce Musulmi ba su yi kome ba. Ƙungiyar Dimol, da mata ƴan ƙasa suka kafa a Yamai a 1998, ta tsaya wa masu yoyon fitsari. Gidauniyar Al-Basar ta buɗe wa dubban mutane ido a ƙasar nan. Ƙungiyoyin ƙasashen Larabawa sun gina rijiyoyi da gidajen marayu. Gwamnati ta ayyana kyautar fiɗar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2005 da 2006, ko da yake jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu ya sha raunana shirin. Kowace unguwa kuma tana da mai ciyarwa a ɓoye wanda Allah kaɗai ya san shi. Amma a dubi inda manyan kuɗin gida ke tafiya. Maraɗi gari ne da alhazansa suka yi suna har wani Bafaranshe ya rubuta littafi a kansu. Ana gina masallaci kusa da masallaci, ana komawa Makka shekara bayan shekara, ana rabon zakka a ƙofar gida, jika biyu jika biyu, cikin turereniya, washegari kowa ya koma yadda yake. Waɗannan ayyuka suna da ladansu. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da ke tashi da ƙarfe biyun dare ya yi wa mace fiɗa.

Abin takaici, Musulunci ba baƙo ba ne a wannan fage. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. A 1284 Sarkin Masar Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya tsayar masa da waƙafi, ana jinyar mai kuɗi da talaka ba biya. Sahabbai da aka matsa musu a Makka, wajen sarki Kirista na Habasha suka sami mafaka, kuma ba wanda ya ce an saye su. Waƙafi shi ne sirrin da ya sa aiki ke wuce ran mai shi: gona ko shago ko gidan haya da aka tsayar, amfaninsa na biyan albashin ungozoma da man mota har bayan an manta sunan wanda ya bayar. Abin da ya riƙe Galmi shekara saba'in da ɗoriya ke nan a wata siga, wato tsari da lissafi da mutanen da suka yarda su zauna inda ba kowane likita ke son zama ba.

Saboda haka wanda rijiyar coci ta hana shi barci, ga magani kusa. Kwamitin masallacin Juma'a ya ɗauki ɗakin likitar unguwarsa ya zama nasa: fitila, ruwa, gado, da asusun ɗaukar mai naƙuda zuwa babban asibiti. Ƙungiyar matasa ta jera sunayen masu ba da jini kafin damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke ƙarar da jinin yara. Attajirai biyar su haɗa zakkar shekara ɗaya su biya wa ƴaƴan talakawa karatun aikin likita, da alkawarin za su komo garinsu. Ƙungiyoyin al'adu, masu wasan kwaikwayo da mawaƙa, su sa kuturu da mai yoyon fitsari a dandali a matsayin mutane, su daina sa su don a yi dariya. Malami a aji ya bambance wa ɗalibansa gwamnatin Faransa da jaridar Paris da maƙwabcinsu Kirista, ya kuma koya musu su tambayi duk mai zargi: ina hujja, mutum nawa, a wane gari? In majami'ar unguwa ta kira aikin gayya don yashe magudanar ruwa, a je da shebur, domin ambaliya ba ta tambayar alƙibla.

Gasa a wajen alheri ita ce gasar da talaka ke cin ribarta ko wa ya yi nasara. In masallaci ya gina rijiya don coci ta gina, unguwa ta samu rijiya biyu. In kuwa aka ƙona ta coci aka koma fada, unguwa ta koma shan ruwan tafki, kuma gobe in naƙuda ta tsananta da tsakar dare, mai zargin da kansa zai nemi mota ya ce a kama hanyar Galmi.